Idon Yaya Alasan na Dama

Ina saman tsani a unguwar Agoè ta Lome da safen nan, rabin jikina a cikin akwatin faiba, wato zaren intanet, wayata ta hau ruri a aljihu. Ban ɗauka ba. Ta katse, ta sake. A karo na uku na ɗauka da faɗa a bakina, sai na ji muryar ƙanin Tanti Ramatu, matar Yaya Alasan: "Nuhu, Yaya Alasan ya rasu. Bayan asuba. Jana'iza in an idar da azahar."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ban san yadda na sauko ba. Akwatin mutane ma a buɗe na bar shi, sai abokin aikina ne ya hau ya rufe. Yana ta dafa kafaɗata yana rarrashina da Faransanci, "ça va aller, ça va aller." Na tare zem, wato ɗan acaɓa, na ce Zongo, ko tambayar nawa ne ban yi ba.

Yanzu na dawo daga maƙabarta da gidan makoki. Na zauna in rubuta "Allah ya jiƙansa" layi biyu kamar yadda kowa ya yi tun safe, hannuna ya ƙi. Don haka ku yi haƙuri da ni, zai yi tsawo. Wanda ya gaji ya wuce abinsa, ni ma a gajiye nake.

Bari in fara da abin da ya fi nauyi, in sauke shi kafin tsoro ya sake kama ni.

Duk wanda ya san Yaya Alasan cikin shekaru shidan nan ya san idonsa na dama ba ya gani. Kuma kowa a Zongo ya san labarin: wai ya leƙa bakin faiba alhali da haske a ciki, mantuwa ta kama shi. Shi da bakinsa ya faɗi haka.

Ba haka aka yi ba. Ni ne sanadi. Kuma har ya koma ga Ubangijinsa ban buɗe baki na ce masa "Yaya, ka yafe mini" ba.

To, na faɗa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, kufla yake yi. Ɗan ƙarfe ne siriri, bai kai tsawon biro ba, da zaren gilashi a cikinsa. Haske ya shigo ta zare ɗaya, ya fita ta biyu. In ka jera su, biyu ta zama huɗu, huɗu ta zama takwas, layi ɗaya ya kai intanet gida takwas. Mutane sun ɗauka sai a kwantena irin wannan kaya ke zuwa. E, yawanci haka ne. Amma in ma'aikaci ya maƙale a bakin aiki yana neman wanda zai raba masa haske saba'in da talatin, ko casa'in da goma, kuma yau-yau yake so, ba na jiran jirgin ruwa ba, to Zongo yake nufowa, lungun bayan masallaci, ƙofa mai shuɗin fenti.

Ni ban zo wurinsa ina yaro ba. Na haura talatin. Rumfata ta gyaran waya a kasuwar Adawlato ta mutu murus, ina zaman kashe wando a bakin masallaci, kullum ina ba wa mutane labarin yadda duniya ta cuce ni. Wata rana bayan la'asar ya tsaya a kaina ya ce, "Kai Bakano, miƙo hannunka." Na miƙa. Ya ɗora mini tsinken ashana a bayan yatsa, ya ce in karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku. Na karanta, tsinke bai faɗi ba.

Ya ce, "Bakinka na rawa, amma hannunka ba ya yi. Gobe ka zo. Kar ka sha kofi."

Bakano yake ce mini, ni kuma in ce masa Bazazzage, in wasa ya yi zafi in ce bawana. Kakana daga Kano ya zo, nasa daga Zariya. Daga ni har shi nan Lome aka yanke mana cibiya, makarantar Faransanci muka yi, ba wanda ya taɓa taka Kano balle Zariya. Amma wasan kakanni mun riƙe shi gam.

Ataliyensa, wato wurin aikinsa, ɗaki ɗaya ne. Tagogi a liƙe da leda saboda ƙura da iskar teku. Ka cire takalmi a waje, ka wanke hannu har gwiwa kamar mai alwala. Sai a fere rigar zare biyu, kowanne kaurinsa kamar silin gashi, a goge da alkol, wato sifirit, a murɗa su tare, a ɗaure a inji. Ɗan harshen wuta ya zo ƙarƙashinsu, injin yana ja a hankali, gilashi yana narkewa yana haɗewa. Kai kuma idonka na kan mita. Lamba ɗaya tana sauka daga ɗari, ɗaya tana hawa daga sifili. Inda kake so su tsaya, nan za ka tsayar. Ka yi jinkirin ƙiftawar ido, ya wuce, sai kwandon shara.

Kuma duk wannan fanka a kashe, don iska na kaɗa wutar. Zafin Lome, ɗaki a rufe, ba fanka. Tawul muke ɗaurawa a goshi kar gumi ya ɗiga a gilashi. Ba magana, ba tari. In babbar mota ta taho a titi, sai a jira ta wuce.

Makona na farko na karya goma sha ɗaya. Ko tsawa bai yi mini ba. Ya tara gutsattsarin a gwangwanin madara ya ajiye a gabana ya ce, "Ga allonka, ka riƙa dubawa."

Shi ya koya mini a tsayar da inji kafin lamba ta kai, don gilashi in yana hucewa yana ƙara matsawa kaɗan. "Ka tsaya kafin ka isa," haka yake cewa. Ni har na bar wurin ban ƙware a wannan ba. Shi kuwa kamar a jininsa yake ji.

Raba-Daidai ake kiransa a unguwa, kuma ba don aikin kawai ba. In muka sayi ayimolu, shinkafa da waken nan, da ƙwai ɗaya, sai ya raba ƙwan biyu da cokali, ya ce in fara zaɓa. Har haushi abin ke ba ni. In ce, "Yaya, don Allah ci ƙwanka, ni ba yaro ba ne." Ya ce, "Zaɓi, Bakano, kafin ya huce."

Da mahaifiyata ta kwanta ciwo, shi ya kore ni daga ataliye. Ya ce, "Gilashi zai jira. Je ka." Wata guda ban zo ba, bai taɓa kirana ya tambayi yaushe zan dawo ba. Sai dai kullum da yamma in ga kwanon abinci daga matarsa, Tanti Ramatu.

Irin mutumin da na yi wa abin da na yi ke nan.

Hasken da ke cikin faiba ido ba ya ganinsa. Ba ja ba ne, ba fari ba ne, ba komai za ka gani ba. Amma yana ƙuna. Shi ya sa muke da ƙa'ida ɗaya a ataliye wadda ta fi kowace. Kafin mutum ya manna ido a madubin da muke duba bakin zare da shi, mai ƙara girma, sai ya tambaya da babbar murya: "Haske?" Na kusa da leza, na'urar da ke fitar da hasken, ya tashi, ya duba da idonsa, sannan ya amsa: "A kashe." Ya ce ko liman ne ya ce maka a kashe yake, in bai tashi ya duba ba, kar ka leƙa.

Ranar wata Alhamis da yamma ya tafi ɗaurin aure, na tsaya ina gwada wani kufla da na yi da hannuna, ina ta jin kaina. Asali kufla ƙafa huɗu gare shi, biyu na shiga, biyu na fita, yawanci ana datse ɗaya. Wannan ban datse ba. Ƙafa ɗaya tana kan lezar da muke aiki da ita kullum, ta saman tebur. Ɗayar kuma na jona ta da wata tsohuwar leza mai ƙarfi da ya ciro daga tsofaffin kaya, wadda ke ƙarƙashin tebur, ba a cika taɓa ta ba. Aka kira magariba, na kashe ta sama, na ja ƙofa na tafi.

Washegari Juma'a da safe ya zo yana fara'a, yana ba ni labarin shinkafar ɗaurin aure. Ya ga aikina a tebur, ya ce, "A'a, Bakano ya fara zama mutum. Bari in ga bakinsa." Ya ɗauki madubi.

Ya ce, "Haske?"

Ina zaune a kan benci, waya a hannuna, ina karanta wani saƙo da yanzu ko na waye ban tuna ba. Ban tashi ba. Na ɗaga kai na hangi lezar sama, fitilarta a mace.

Na ce, "A kashe."

Bai yi ihu ba. Abin ba ya zuwa da ihu. Ya daɗe yana dubawa ma, yana juya madubin, don aikina yake son ya yaba. Can ya sauke, ya murza ido ya ce, "Kai, wani abu ya faɗa mini ne?" Ya ƙifta, ya ƙifta. Ya ce akwai baƙin ɗigo a tsakiya, duk inda ya duba yana bin sa. Ya fita bakin ƙofa ya ɗauki buta zai wanke fuska.

A nan gabana ya faɗi. Na sunkuya na leƙa ƙarƙashin tebur. Ga 'yar koriyar fitila tana ci.

Mantuwa kowa na yi. Rashin tashi in duba, wannan sakaci ne, na yarda. Amma abin da na yi bayan nan ba mantuwa ba ne, ba sakaci ba ne. Na miƙa hannu a hankali na kashe ta, na zare zaren, na tura shi bayan kwali. Na koma kan bencina na zauna. Da ya shigo har ni ne mai cewa, "Yaya, ko ƙura ce?"

Allah ya gani, haka na ce.

Ni na raka shi wurin likitan ido a Djidjolé, ni da Tanti Ramatu. Likita ya duba, ya tambayi aikinsa, ya girgiza kai. Ya ce wurin ya ƙone, ba a ɗinke irin wannan. Ya tambaya yaya aka yi. Sai na ji Yaya Alasan ya ce, "Ni na jona wata leza jiya na manta. Tsufa ne, dokta."

Shi da bai ma dawo unguwa da wuri ba, yana wurin ɗaurin aure.

Amma kun san me na gaya wa kaina? Na ce ƙila da gaske yake. Ƙila ya ɗauka shi ya jona tun wani lokaci. Ai yana mantuwa, ko makullin babur sau nawa yana nema alhali yana hannunsa. Wannan "ƙila" ɗin na runguma, na kwana da ita na tashi da ita shekara shida.

Aikin kufla aikin ido biyu ne. Da ido ɗaya ba ka gane nisa. Sai ya kai hannu zai kama zare ya kama iska. Sai ya kai yatsa kusa da wuta yana zaton da saura. Na ga mutumin da ke yin ashirin ba karaya ya koma karya uku cikin biyar. Ba ya cewa komai, sai ya ce "Bismillah" ya fere wani. Ni kuma ina gefe ina kallo, kowane "ƙas" na gilashi a ƙirjina yake karyewa.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. In ya ce "Nuhu," sai in zabura. In ya yi shiru, in ce tunanin abin yake. In ya raba ƙwai ya ce in zaɓa, in kasa cin abincin. Wata huɗu na iya. Daga nan na ce masa na samu aikin jan layi a wani kamfani, can Agoè, kuma matata tana da ciki, dole in nemi abin da ya fi.

Ya ce, "Allah ya sa alheri ne." Ya buɗe durowa ya ɗauko abin yankan faibarsa, wanda ba ya bari kowa ya taɓa, ya sa mini a jaka. Ya rako ni har bakin titi, ya tare mini zem da kansa.

Na bar mai ido ɗaya shi kaɗai a ɗakin wuta da gilashi. Na tafi.

Daga nan sai gaisuwar Salla. Sai saƙo a waya. Sai in zo Zongo in zaga ta bayan kasuwa don kar in bi ta lungun. Ranar sunan 'yata, ban ma kira shi da bakina ba, saƙo na tura cikin na jama'a. Sai ga shi tun da sassafe a bayan zem, daga Zongo har Agoè, rungume da tukunyar da Tanti Ramatu ta dafa. Ya karɓi jaririya, ya juya kansa gaba ɗaya don ya gan ta da na hagu, ya ce, "Alhamdulillahi, ba ta ɗauko hancin Kanawa ba."

Kowa ya yi dariya, har da ni.

Mako uku da suka wuce na ji ciwon ƙodarsa ya tashi. Na ce yau kam sai na faɗa, ko me zai faru. A kan zem ina ta maimaita kalmomin kamar mai hadda. Na same shi a baranda kan tabarma, ƙafafu sun kumbura, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ya ce, "A'a! Bakano, ɓatan hanya ka yi?"

Na ce, "Na zo duba bawana ne."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Muka yi hira. Ya tambayi aiki, ya tambayi 'yata, ya tambaya ko har yanzu ina goge bakin zare kafin in jona, ko na zama irin 'yan kamfani masu gogewa da riga. Tanti ta kawo shayi ta koma ciki. Muka rage mu biyu.

Na ce, "Yaya, akwai maganar da na daɗe ina so in yi maka."

Ya ajiye kofi. Ya gyara zama, da wahala, ya juyo da fuskarsa duka har idon hagu ya sauka a kaina. Ya ce, "Ina jin ka, ƙanena."

Bai taɓa ce mini ƙanena ba sai ranar.

Ya jira. Wallahi ya jira. Bai katse ni ba, ba a kira salla ba, ba wanda ya shigo. Ba ni da wanda zan ɗora wa. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa, "Maganar injin nan ne. Na ce ko za ka sayar, akwai wanda ke nema."

Ba wanda ke nema. A take na ƙirƙira.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ɗauki kofinsa. Ya ce, "Injin ba na sayarwa ba ne. Yana jiran mai ido biyu." Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Ka dawo ranar Juma'a, Nuhu. Bayan masallaci. Ka ji?"

Na ce insha Allah.

Juma'ar ta zo, aka yi ruwa, na ce hanya ta ɓaci. Ta biyu na ce aiki ya yi yawa. Ta uku ita ce jibi.

Yau a ƙofar masallaci, gawa a gaba, liman ya juyo ya ce, "Jama'a, ɗan'uwanku ya riga ku. Duk wanda ya san mamacin ya taɓa saɓa masa, ya yafe masa don Allah." Sahu gaba ɗaya aka amsa, "Mun yafe." Har da bakina a ciki. Ni! Me zan yafe wa Yaya Alasan? Na tsaya ina jira ko liman zai juya tambayar, ya ce wanda kuma ya saɓa wa mamacin fa? Ba a yin wannan tambayar. Wanda zai amsa yana cikin likkafani.

A maƙabarta aka ce na kusa da shi su sauka. Wani ya turo ni gaba, wai ai ɗan gidansa ne. Na sauka. Da hannuna muka kwantar da shi ta gefen dama, gefen idon.

Muna fitowa na ji wasu 'yan aikinmu biyu a bayana, suna magana ƙasa-ƙasa, ba da mugunta ba. Ɗaya ya ce, "Allah sarki, gwani ke nan, amma sakaci ɗaya ya gama da shi." Ɗayan ya ce ai har yau in za su horar da sababbin ma'aikata da sunansa suke jan kunne: a kula, kar a yi irin ta Alasan.

Ashe har sunansa na ci, ba ido kaɗai ba.

Daga nan ban tsaya wurin zaman maza ba, na wuce cikin gida. Tanti Ramatu ta shiga takaba, tana ɗaki da yayarta. Na durƙusa a bakin ƙofa, labule a tsakaninmu. Na yi mata gaisuwa, ta amsa da muryar da ta dushe. Na ce, "Tanti, ina da magana, kuma in ban faɗa yanzu ba, na san kaina, ba zan faɗa ba."

Na faɗa mata duka. Lezar ƙasan tebur, "a kashe" da na ce daga zaune, hannun da na miƙa na zare zaren. Ban rage komai ba.



Sai ta ce, "Na sani, Nuhu. Tun ranar."

Ta ce buta a bakin ƙofa take, ƙofa kuma a buɗe. Yana wanke ido ɗaya, ɗayan yana kallona. Ya ga sunkuyawata, ya ga hannuna. Ya gaya mata a hanyar dawowa daga likita, bayan sun rabu da ni, ya sa ta rantse ba za ta faɗa ba. Ya ce in Zongo ta ji, ba mai sake yarda in taɓa masa layi, ga ni da sabon aure.

Na ce, "Tanti, ya yafe mini?"

Ta ce, "Ido? Tun kafin mu iso gida ya yafe ido. Ban taɓa jin ya yi kukan ido ba ko sau ɗaya. Tafiyarka ce ta ci shi. Yana cewa, 'Yaron nan nauyi ya ɗauka, in ya faɗa zai huta, in ya huta zai dawo.' Shekara shida yana cewa za ka dawo."

Na ji tana jan hanci.

Ta ce, "Juma'ar da ya ce ka zo, ko masallaci bai iya zuwa ba. Amma ya sa na ɗauko masa farar rigarsa, ya sa aka fitar da shi baranda. Ana ruwa, feshi na taɓa shi, na ce ya shigo ya ƙi. Yana nan har aka kira magariba."



Na ce, "Ke fa, Tanti?"

Ta ce, "Shi ya yafe, shi ke da idonsa. Ni kuwa ka ba ni lokaci. Ni na riƙa shafa masa magani a yatsu in wuta ta ƙone shi. Ni na riƙa dafa maka abinci ina sane. Ba yau ba, Nuhu. Tashi ka je wurin maza."

Na tashi. Tana da gaskiya, kuma ba na so kowa ya ce mata komai.

Don haka 'yan aikinmu na Lome, da duk wanda ke koya wa wani faiba, ku ji da kyau. Alasan bai taɓa leƙa zare bai tambaya ba. Ya tambaya. Ya bi ƙa'idarsa har ƙarshe. Wanda aka tambaya ne bai ɗaga gindinsa daga benci ba. In za ku ja wa sababbi kunne, ku cire sunansa ku sa nawa. Ku ce kar a yi irin ta Nuhu. Na yarda, kuma in wani ya fasa ba ni aiki saboda wannan, ba zan ga laifinsa ba.

Kuma don Allah kar a cika mini ƙasan rubutun nan da "ƙaddara ce" da "ka yi jarumta". Na san ƙaddara. Jarumta kuwa mako uku da suka wuce ake nemanta, a baranda, lokacin da mai jin maganar ke da rai.

Na gaji. Bari in tsaya.

Ya Allah, ga bawanka Alasan ya zo maka. Ya rufa mini asiri alhali ina gabansa ina yi masa ƙarya, ka rufa masa nasa ranar da asirai ke tonuwa. Ka yafe masa fiye da yadda ya yafe mini. Ka yalwata masa kabarinsa, ka mayar masa da ganinsa cikakke, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Tanti Ramatu haƙuri, ka sanyaya mata zuciya a lokacin da ka so.

Ku da kuka karanta har nan, ko kun san shi ko ba ku san shi ba, ku tsaya ku karanta masa Ƙulhuwallahu, ku sa shi a addu'ar sujadarku. Jibi Juma'a za a yi addu'ar uku a ƙofar gidansa, bayan masallaci. Wanda ke kusa ya zo.

Ni ma zan je, Yaya. Na makara, amma zan je.